Mai Riƙon Sauti

Wurina a majami'armu ta Narayi
can baya ne, dab da ƙofar gefe,
tsakanin tulin wayoyi da akwatin baiko.
Shekara tara ina murɗa sautin lasifika.
Ban taɓa hawa bagade ba,
amma kowane wa'azi ta yatsuna yake bi.

In Fasto Yashim ne,
tun bai buɗe baki ba nake rage masa.
Ƙirji gare shi kamar ganga.
Ya ce "Ku tuba!" kwanon rufi ya amsa,
ƙadangaru su zubo daga katanga,
masu keke a bakin titi su waiwayo.
Hankici biyu yake jiƙawa kafin addu'ar rufewa.
Shi a wurinsa, wanda ya ga gida na ci da wuta
ba ya tsayawa sallama.

In Baba Didam ne, tsohon mai bishara daga Zonkwa,
sai in ƙure na'ura har ta fara kuka.
Magana yake kamar mai tsince tsakuwa a acca,
ɗaya, ɗaya.
Ya ce ruwa mai ƙarfi zaizaye gona yake,
yayyafi ke shiga ƙasa.
Yana faɗa, mawaƙa biyu na gyangyaɗi.

Sau uku dattawa suka zauna kan zancen,
an sha zoɓo, an tashi baram-baram.
Mama Zugwai, da kunnenta ɗaya ya mutu,
ta ce in ba Fasto ba,
leɓe kawai take gani yana motsi.
Shekari kuwa, da ya yi kwana arba'in a daji
a hannun masu garkuwa,
da an daka tsawa sai ya dafe ƙeya,
ya sulale gindin mangwaro har a tashi.
Benci ɗaya suke zama.
To ni, wa zan murɗa wa?

Lahadin da ta bi jana'izar matar Fasto
aka ɗauke wuta.
Janareta ya yi tari biyu ya mutu.
Na naɗe hannu, ba ni da aiki.
Ya hau, ya buɗe baki, murya ta ƙi.
Abin da ya fito bai fi hucin tukunya ba:
"Ban gane ba.
Amma ban sake Shi ba."
Ɗaki ya yi tsit
har ana jin akuyar maƙwabta na tuƙa.
Mama Zugwai ta taso da sandarta,
ta zauna kan matakalar bagade,
ta miƙa kunnen mai rai.
Shekari bai fita ba.

Aka zo rufewa, Fasto ya kasa.
Sai Baba Didam,
da ban taɓa jin ya yi wa ko kaza tsawa ba,
ya miƙe, jijiyoyin wuya a waje,
ya kwarma Halleluya guda ɗaya
da ta fi ƙarfin ƙirjinsa.
Jariri ya farka ya tsala kuka,
mata suka rangaɗa guɗa,
wasu na dariya da hawaye a kumatu.
Shekari ya zabura, ya damƙi benci,
ya zauna.

Ana shara wuta ta dawo.
Lasifika ta yi ta ƙugi ita kaɗai,
ba kowa a bagade.
Na kashe ta.

Mako mai zuwa Fasto ne kuma.
Muryar ta dawo, na ji shi jiya
yana cinikin doya a kasuwar Sabo.
Zan rage masa kaɗan, kamar kullum.
Na dai ja ƙaramar lasifika kusa da Mama,
Shekari kuma na ajiye masa kujera a gefena,
inda ƙofa ba ta rufuwa sosai.