Faɗin Ƙofa

A Galisiya, can arewacin Sifaniya,
inda ruwa ba ya sallama kafin ya sauka,
muna da kadada shida a jikin tudu,
da jajayen shanu tara, da tarakta ɗaya
wadda ta girme ni da shekara biyu.
A takarda, ƙarfinta na doki talatin da biyar ne.
A gangaren rafi, in ƙasa ta jiƙa,
sai ka rantse goma daga ciki sun mutu.

Shekara hamsin babana Amaro na yanka da lauje,
irin namu, mai ƙota tsawon mutum.
Bara kafaɗarsa ta ce ta gaji.
Bai ce uffan ba. Ya rataye laujen a bayan ƙofa,
ciyawa ta yi ta leƙensa ta taga.

Ranar kasuwar Vilalba na tafi ni kaɗai.
Dillalin, Breixo, bakinsa ya fi giris santsi.
Ya ce, "Iria, ga mai faifai biyar,
kafin shayinki ya huce ta share fage."
Na dubi nauyinta, na hango taraktata
ta ɗaga hanci sama a tsakiyar gangara.
Ya nuna mini wata mai haƙora, siririya kamar ƙayar kifi,
ba ta shan mai, aski take yi wa ƙasa,
amma dutse ɗaya ya isa ya bar ta da giɓi.
Ga mai gudumomi, mai niƙe sarƙaƙiya,
sai dai abin da take bari dusa ce,
ni kuwa ingirici nake so, dogo,
wanda saniya za ta ja a Janairu.

Na ce sai na dawo. Ba a cinikin biri a sama.

Da dare na baza takardun a kan tebur.
Baba bai kalli hoto ko ɗaya ba.
Ya ɗauko kirtani da fitila,
ya ce in biyo shi cikin yayyafi.
A bakin makiyayar sama akwai duwatsu biyu tsaye,
kakansa ya kafa su don keken shanu.
Ya auna tsakaninsu, ya ƙulla, ya danƙa mini:
"Wannan za ki kai wa mai surutun nan."

Duk sababbin Breixo sun wuce ƙullin.
Sai a bayan rumfar wani bakanike
na tarar da tsohuwa mai ganga biyu,
fenti ya gudu, ƙarfe ya zauna,
wuƙaƙenta shida, kowace tsawon yatsa,
in ɗaya ta karye, kuɗin burodi ya maye ta.
Na miƙa kirtani. Ya rage yatsu huɗu.
Yuro ɗari tara, da cuku biyu a kai, muka tafa.

Jajibirin yanka na nemi Baba na rasa.
Da asuba na ga makiyaya ta tsiro da sanduna,
arba'in da uku, na ƙirga,
kowace a kan dutsen da ciyawa ta ɓoye,
kowane dutse ya taɓa cin bakin laujensa.
Na bi tsakaninsu ina kewaye,
injin na gurnani, ciyawa na kwanciya layi-layi.

Sanda ɗaya na da jan ƙyalle.
Na sauka na duba. Babu dutse.
Ƙwai ne, tara, a cikin ɗan gurbi, da ɗuminsu.
Na bar wajen, faɗin tabarma biyu.

A watan Agusta, da masu gurbin suka tashi,
na ji ƙarar dutsen washi a bayan gida.
Tun hantsi yake kan tabarma biyun nan har azahar,
ya yanka, ya dafa kafaɗa, ya sake.
Ina kan tarakta, na kashe inji,
ban ce in taya shi ba.