Bashin Ɓera

Ni ne mai share keji.
Sunana ba ya shiga takardar da ake kai wa manya,
amma tun da asuba, kafin motar Dakta Zailani ta iso,
ni ke zuba dusa, ni ke sauya ɗiddigar katako,
ni na san wanda ya kwana bai taɓa ruwa ba.

Fararen ɓeraye sittin,
idanu jajur kamar 'ya'yan idon-zakara.
Can gida Kaltungo ɓera abokin gaba ne,
tarko a bayan rumbu, guba a garin ƙuli.
A nan Gombe da sikeli ake auna masa abinci,
a kunna masa sanyi, ni in kwana cikin gumi.
Ranar farko har dariya na yi.
Ashe gatan ragon layya ne.

An ce kada in raɗa musu suna,
lamba ta isa, shuɗin tawada a wutsiya.
Na saɓa.
Na arba'in da bakwai na kira shi Gajere,
don yakan miƙe da ƙafa biyu in na shigo,
ya riƙe ƙwayar gyaɗa hannu bibbiyu
kamar tsohon da aka miƙa wa goro.

Ran Laraba aka fito da dafin kububuwa
a kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba.
Rabi za a ba su dafi da magani,
rabi dafi zalla, don a ga bambanci.
Ƙuri'a aka ja. Gajere bai ci ba.
Ni na kama fatar wuyansa.
Zuciyarsa tana dukan tafina
kamar yayyafi a kan kwano,
bai cije ni ba,
ya san warin hannun.

Kada ku yi saurin zagina.
Kakar bara waccan, muna cirar gyaɗa a gindin dutse,
Liyatu ta sa ƙafa inda bai kamata ba.
Kafin magariba dasashinta na zubar da jini,
tsohon tabon gwiwarta ma ya buɗe.
Na goya ta da zanin uwarta a kan babur,
ina kiran sunanta har ƙofar asibiti.
Kwalba biyu aka ɗura mata.
Yau tana aji huɗu, tana tsallen igiya,
tana yi mini gardama kan kuɗin makaranta.
Wani ɓera da ban taɓa gani ba,
a wani gari da ban iya faɗin sunansa ba,
shi ya riga ta shiga ramin.

Dakta ya ce, "Lissafi ne, Ishaya:
sittin a nan, dubbai a gonaki."
Na yarda da lissafin.
Abin da ya tsaya mini a wuya,
ba a tambayi mai biyan ba.

Bashi hanji ne, an ce, yana cikin kowa.
Nawa yana da wutsiya.
Ga abin da talaka ya iya biya:
na roƙa a rage su zuwa arba'in, in arba'in za su isa;
wanda ya fara shure-shure, a sa shi barci,
kada a jira agogo ya cika don layi ɗaya a littafi.
Dakta ya cire tabarau ya dube ni,
ya ce zai kai wa kwamiti.
Ban sani ba ko ya kai.

Gajere ya tafi ƙarfe biyu da kwata.
Na rubuta: 47.
Ban jefa shi a leda ba, ajiye shi na yi.

Da na je gida ƙarshen wata,
Liyatu ta tare ni da tarko a hannu:
"Baba, ɓera ya huda buhun dawa."
Na karɓa. Na zauna a bakin rumbu.
Har tuwo ya huce
ina juya waya da katako,
ban ɗana ba,
ban kuma ajiye ba.