Littafin Sa Hannu

Ni ke riƙe da littafin sa hannu
a gidan burodin Alhaji Tukur, bayan Ƙofar Marusa.
Ma'aikata goma sha tara, jan biro ɗaya.
Duk wanda ƙarfe huɗu na asuba ta riga shi shigowa
sai in ja masa layi a ƙarƙashin suna.

Mannir ya sha layi bakwai a watan nan.
Alhaji ya buga yatsa a kan shafin:
"Zayyana, rubuta masa takardar sallama."
Na rubuta, na ninke, na sa a aljihu.
Ta yi mini nauyi kamar buhun fulawa,
sai na ce bari in kwana ɗaya a ɗakin tanda.

Sha ɗaya na dare, kowa ya watse,
ga Mannir durƙushe gaban injin kwaɓa,
yana sakace masa busasshen ƙullu da guntuwar waya
don kada bel ya tsinke wa Tasi'u da asuba.
Tasi'u kuwa, ashe shi ke auna wa Badamasi yis
tun da idon tsohon ya soma hazo,
kuma ba wanda ya tsegunta mini.
Badamasi ke karanta wuta da bayan hannunsa,
ya yi shiru, ya yi shiru, sannan ya ce, "Yanzu."
Wannan "yanzu" Lurwanu direba ke jira
kafin masu shayin Ƙofar Ƙaura su hura gawayi.

Ba ko ɗaya cikin waɗannan a littafina.

Da hantsi na iske Alhaji yana tsoma burodi a shayi.
Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan lomar, hannun wa ce?"
Ya ɗago ido.
Na ajiye takardar kusa da kofinsa:
"Zare ɗaya ka ce in zare.
Ban san ta inda rigar za ta ɓarke ba."

Bai yaga ta ba, bai kuma sa hannu ba.
Da ita ya goge zoben da kofi ya bari a tebur.
"Mayar masa da shigowa ƙarfe shida.
Tsohon kuma a kai shi a duba masa ido.
Kai fa, shekara uku ina biyan ka, sai jiya ka gani?"

Ban amsa ba.
Jan biron na nan, bai ƙare ba.
Amma na tsaga sabon gurbi a gefen kowane suna,
har yau ina neman abin da zan rubuta a samansa.