Sirdi Biyu

Ni ke gaba, don ni ke da ido.
Baba Ermete na baya, don shi ke da hanya.
Keke ɗaya, sirdi biyu, feda huɗu,
da doguwar sarƙar da ta ɗaure ƙafata da tasa.

Muka bar Lecco gari bai buɗe tagoginsa ba,
masu gasa burodi kaɗai suka riga mu tashi.
Ya ce, "Ornella, kada ki gaya mini kome,
bari tafkin ya faɗi da bakinsa."

Shekara tara ke nan da haske ya janye daga idonsa,
sannu-sannu, kamar ruwa daga tsakuwar gaɓa.
Amma kwalta ba ta manta shi ba.
Tun kafin in hango kwana ya karkata jikinsa,
tun kafin hawa ya zo ya ce in rage giya.

Sai hanya ta shige cikin dutse.
Duhu, ɗigon ruwa, fitilu masu gyangyaɗi,
gurnanin mota a bayanmu kamar zai haɗiye mu.
Hannuna ya daskare a kan birki.
Na ji shi yana dariya a ƙeyata:
"Barka da zuwa garinmu. Taka kawai."

A Onno tayar baya ta yi ajiyar zuciya.
Muka zauna kan katangar bakin ruwa,
agwagi na kallonmu kamar mun ci bashinsu.
Ya zaro robar ciki, ya bi ta da leɓe
har iska ta sumbace shi inda ƙaya ta shiga.
Ya yi faci, ya buga famfo, ya murza da babban yatsa,
ni kuwa mai idon ina riƙe da cuku da wuƙa.

Can ƙetare, tsaunin Grigna ya wanke fuska a ruwa.
Na buɗe baki zan yaba, na tuna, na rufe.

Da muka juyo, rana ta hau.
Muka bi Adda inda ya fice daga tafki
ba sallama, kamar ɗan da ya sami aiki a birni.
Olginate, Brivio, ƙamshin ciyawar da aka yanka,
wani mai fatsa da bai ɗago kai ba.

Ya ce, "Ƙirga ashirin, za mu shiga inuwa.
Akwai wata bishiya a nan
da na jingina keke ranar da na fara ganin uwarki."
Na ƙirga. Kututture ne kawai, da garin katako.
Na yi shiru, na ƙara ƙarfin feda
ko za mu wuce kafin ya ankara.
Ya taɓa wuyansa.
"Sun sare ta. Ga rana nan tana gaya mini."
Daga nan sarƙa kaɗai ke magana,
har ƙafarsa ta yi nauyi, na ɗauke mu ni kaɗai
tsawon gona biyu, ko uku.

A Imbersago muka tura keke cikin jirgin fito
wanda igiya ke riƙe da shi, kogi ke tura shi.
Ba inji, ba feda, ba wanda ke gaba.
Ya ce, "To, yanzu na yarda, abu ɗaya:
wane launi ruwan yake?"

Na duba. Kore ne, amma ba koren ganye ba.
Kamar kwalba, kamar tsohon tagulla,
kamar... Na rasa.
Ya ce, "Haka yake. Bai canja ba."

Na rufe idona har muka kai wancan gaɓa.
Igiya na kuka a sama, katako na rawa a ƙasa,
hannunsa a kafaɗata, da baƙin mai a yatsu.
Sai da jirgi ya bugi tudu
ya ce, "Buɗe, direba.
Da saura kilomita ashirin, kuma yunwa nake ji."