Doka ta Tara

Ranar farko ko sannu bai ce mana ba.
Ya ajiye kofin shayinsa kusa da ƙwarangwal ɗin roba,
ya raba takarda, rubutu gaba da baya,
ya ce mu sa hannu, uwa ko uba ma su sa.
Ta taga tafkin Superior na kwance kamar faifan ƙarfe,
jirgin dakon tama na kuka a bakin gadar Duluth.

Doka ta ɗaya: takalmi rufaffe.
Ta biyu: a ɗaure gashi, wuta ba ta san ado ba.
Ba ci, ba sha, ko cingam, a inda ake feɗe kwaɗo.
Waya ta yi zamanta a aljihun bango,
nawa aljihun na goma sha bakwai.
Aikin da ya makara da kwana ɗaya ya rasa kashi goma,
wanda ya kwana uku, sai dai a yi masa ta'aziyya.
Pao Vang ya ɗaga hannu: in ƙanƙara ta rufe hanya fa?
Malam Tervo ya ce, ƙanƙara ba ta rufe littafi.

Ta tara ce ta tsaya mini a wuya.
Littafin gwaji da biro kaɗai.
Ba fensir, ba gogewa, ba yage shafi.
In ka yi kuskure ja masa layi ɗaya siriri,
yadda na bayanka zai iya karanta abin da ka ɓata.
Na ce a raina, tsohon nan da neman magana yake,
ni da ban taɓa kai wa mahaifiyata takarda mai tabo ba.

A Nuwamba aka ba mu ƙudaje cikin kwalba,
'yan mitsi-mitsi, masu son ruɓaɓɓiyar ayaba.
Mu sumar da su, mu ƙirga ƙarƙashin madubi:
jan ido nawa, farin ido nawa.
Littafi ya ce uku da ɗaya.
Nawa suka ce ba su san zancen ba.
Na ƙirga sau uku, Delphine ta ƙirga sau ɗaya tana hamma,
lissafi ya ƙi zama.

Daren nan a teburin kicin
na bi shafin da reza, a hankali, dab da ɗinki,
na rubuta sababbin lambobi,
masu ladabi, masu jin maganar littafi.

Bai ɗaga murya ba.
Ya lashi yatsa ya bi lambar shafi:
talatin da ɗaya, talatin da biyu, talatin da biyar.
Ya ce, Ottilie, ina ƙudajenki suka tafi?

Sifili ya ba ni, yadda takarda ta ce,
takardar da na sa wa hannu, mahaifiyata ma ta sa.
Sannan ya ce in kawo shafin in yana nan.
Yana nan, a dunƙule cikin aljihun rigar sanyi.
Ya shimfiɗa shi da gefen hannu, ya daɗe yana dubawa.
Yaushe kika ware matan daga mazan?
Litinin.
Yaushe suka fito?
Asabar.
Ya ce ƙuda ba ya kwana biyu yana jiran kowa.
Ga amsarki nan cikin lambobin da kika ji kunyarsu,
waɗancan masu kyan gani ba su san komai ba.

Ya miƙo mini salatif.
Sifilin kuwa bai goge ba,
shi ma da biro yake rubutu.

Shekara goma sha huɗu ke nan.
Yanzu ruwan tafkin nake aunawa, kwalba-kwalba, da asuba.
Jiya sabon yaronmu, Anselm, ya rubuta takwas a gurbin uku,
ya shiga lalube cikin durowa.
Na ce me kake nema?
Ya ce abin gogewa.
Na bar shi ya gama duba durowar,
har da ta ƙasa, mai makalewa.