Baƙin da Ke Ƙarƙashin Gidanmu

Ruwa ba ya tsami banza.
Ni na binne durom ɗin
a bayan katanga, nan Garwa,
zamanin da nake sayar da zuwa-zuwa a kwalabe.
Tsatsa ta ci gindinsa a ɓoye.
Abin da aka gauraya wa fetur ɗin
ya bi jijiyar ƙasa, ya riga kowa isa rijiya.

Shayin Inna Dudu ya fara warin gareji.
Awaki suka sunsuna kwano, suka juya.

Sai ga Jaratu, 'yar Hamayero mai facin taya,
ta dawo daga karatu a Ngaundere
da jarkoki biyu na ruwa mai kamar gasara.
Ta ce, Baba, rayayyu ne a ciki,
bakteriya, ido ba ya ganinsu,
gubar nan ita ce tuwonsu.

Na yi dariya. Tun muna yara
ake cewa mu tafasa ruwa mu kashe su,
yau kuma su za mu yi wa shimfiɗa?

Ta huda ƙasa wuri biyar, ta ɗura su,
ta haɗa injin hura iska,
wai su ma sai da numfashi.
Binuwai ta cika, ta janye.
Duk Laraba Jaratu na ɗiban ruwa a 'yar kwalba,
ta rubuta lamba, ta ce tukuna.

Har yau tukuna ne.
Amma jiya na ja guga, na kai hanci,
na daɗe ina neman laifina a ciki,
da ƙyar na ji shi.

Da dare nakan zauna a bakin rijiyar.
Inji na huci.
Can ƙasa, ana cin abinci shiru.