Gidan Sikeli na Gazawa

A Gazawa, bayan tashar mota,
inda hanya ke karkata ta nufi Tasawa,
akwai wani gida mai doguwar baranda
wanda ba wanda ya gada.

Kakana Nomau ya ɗauko duwatsunsa a ka.
Ba kwadago ba ne. Gardi ya zo da bulala,
ya ƙirga maza garka garka,
aka bar hatsi tsaye a gona har buwa ta ƙoshi.
Ya ce mini: duba ƙarƙashin taga ta uku,
nan na danna babban yatsana
tun siminti bai sha iska ba.
Na je na duba. Yana nan.
Ya fi nawa faɗi.

Nasaran da ya fara kwana ciki
sunansa ya ɓace, Sha-Inuwa ake ce masa.
Yaro na jan igiyar fanka bisa kansa,
shi yana rubuta lanho,
zufa na zuba a jikin wani.

Sai zamanin gyaɗa.
Aka rataye sikeli a baranda,
Barmo akawu na leƙen allura da ido ɗaya.
Buhu ya hau da ƙiba,
ya sauka a takarda da rama.
Raƙuma na tuƙa a gindin gawo, ba ruwansu.

Ran da aka sauke tuta aka ɗaga wata
an yi kiɗa har asuba.
Makulli dai shi ne na jiya.
Ya zama lakwal, inna Tsahara ta koyi baƙi
a ɗakin da aka taɓa tsare ubanta kwana tara.
Shekarar fari ya zama rumbu,
aka raba jar dawa da gwangwani,
layi ya kai bakin rijiya.

Yanzu jemagu ke haya ba biya.
Kurna ta tsaga bangon gabas, tana leƙen ciki.
Ɗan Jimo ya kafa tebur a baranda
yana cajin salula, dala biyar biyar.

An ce magajin gari zai rushe ya yi shaguna.
Malam Tankari ya ce tarihi ne, a bari.
Tsohuwa Habsu ta ce tarihin wa?
Ni ban sa baki ba.
In ranar ta zo, zan je da kurfi da guduma,
in roƙi birkila ya dakata kaɗan:
akwai siminti faɗin tafin hannu
a ƙarƙashin taga ta uku.
Wannan namu ne.
Ba a taɓa biyan kuɗinsa ba.